Gemun Surukina da Baitin da Mati Ya Ƙara

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan na manta su. Amma ba zan taɓa mantawa da yinin da aka zaunar da surukina a gabana ba, a ƙofar hakimin Kankia, ga aska a hannuna, ga jama'a ta kewaye mu.

Ni ba mai yawan magana ba ne, don haka yadda ya faru kawai zan faɗa. Na ga yunwa. Na yi agana, ta bar mini fuska kamar gindin rumbun da kaji suka tona. An kai ni aikin tilas wurin haƙar kuza, na dawo da ƙafafuna. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke hana ni barci. Abin da har gobe in na tuna nake jin gumi na bin ƙeyata, gemu ne. Gemun mutum ɗaya.

Mu huɗu ne, duka wanzamai, duka gadon gida: ni da Mati da Barau da Nomau. Rumfarmu ɗaya a kasuwar Kusada, gindin wata tsohuwar tsamiya. Abin da ya raba mu da sauran wanzamai shi ne muna aski muna waƙa. Ba ganga, ba kalangu. Murya huɗu kawai, kowace da hanyarta, su haɗu kamar igiyar da aka tufka da zare huɗu.

A wurin kuza abin ya samo asali. Lokacin yaƙin Turawa aka ɗebe mu daga ƙasar Kankia, mu da yawa, aka kai mu kan duwatsun nan inda sanyi ke shiga har cikin haƙori. Ranar hutu mu ke yi wa leburori aski. Sanyi na sa hannu rawa, wanzamin da hannunsa ke rawa kuwa gara a kira mahauci. Mati ne ya gano in yana waƙa hannunsa na natsuwa. Ya fara, muka bi shi, ba don daɗi ba, don kada mu yanke wa wani kunne. Mun tafi da yawa, mun dawo kaɗan. Cikin kaɗan ɗin akwai mu huɗu, da waƙar.

Mati shi ne bakin waƙa. Gajere ne, baƙi, bakinsa ba ya rufuwa ko a wurin zaman makoki. Shi ke ƙago kalmomi, shi ke jan mu. Mutumin kirki ne, sai dai yana da cuta guda: son taimakon mutum ba tare da an roƙe shi ba. Barau ƙato ne, sai ya sunkuya yake shiga rumfa, amma muryarsa siririya ce kamar ta yarinya mai tallan nono. Baƙi sukan yi ta waige suna neman inda matar take. Nomau ke riƙe tsakiya. Irin muryar nan ce da ba ka jin ta sai ranar da mai ita bai zo ba. Kunnensa ɗaya ya mutu a kuza, don haka kullum sai mu zaunar da shi mai lafiyar na fuskantar Mati.

Ni ne ƙasa. Aikina daga farkon waƙa har ƙarshenta shi ne "hmm". Bebe suke kirana. Na yi shekaru ina waƙa ban taɓa furta kalma ɗaya a cikinta ba, kuma a kan haka aka yi ta ba ni riga.

Waƙarmu ta aski baiti huɗu ce, da kan mutum aka auna ta. Na farko daga goshi zuwa tsakar ka. Na biyu gefen dama, na uku gefen hagu, na huɗu ƙeya. Ƙarar aska huɗu a kan fata, tare suke sauka tare suke tashi, ita ce gangarmu. In waƙa ta ƙare, kawuna huɗu sun fito tas a lokaci guda. (Mai sanƙo Nomau muke ba, don shi ne mai nawa a cikinmu.) Ni kuma tun ina yaro ubana ya koya mini doka biyu, da tsumagiya ya koyar: aska ba ta komawa inda ta riga ta wuce, don fata na ƙuna, kuma ba ta tsayawa sai aiki ya ƙare. Da waƙa ta shigo, sai hannuna ya haɗa su wuri guda. Muddin ana waƙa yana tafiya, kuma gaba kawai yake yi. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin matsala ba, tunda waƙa da kai tare suke ƙarewa.

Kowace shekara bayan kaka, in an gama sayar da auduga, mawaƙa kan taru a ƙofar hakimi a Kankia. Masu kalangu, masu garaya, masu gangar noma, kowa ya nuna abin da ya iya, wanda ya fi a ba shi riga. Shekarar farko da muka iso da tabarmi da zabira da mutum huɗu masu suma a bayanmu, an yi mana dariya. Wani ya tambaya ko suna za a yi. Mu muka tafi da rigar. Daga nan ta zama tamu shekara bayan shekara. Riga ɗaya, mutum huɗu, sai muka riƙa sa ta karɓa-karɓa. In ta yi wa Barau daidai, Mati na share ƙasa da ita. Aka fara kiranmu biki da suna har Yashe da gaba. Wasu ma ba suma a kansu, sai su zo su zauna a jiƙa musu kai don su ji waƙar daga kusa.

To, ga inda tawa ta shigo.

Na auri Lami, 'yar Kaikai. Ubanta ba zan faɗi sunansa ba, surukina ne, ko yanzu da ƙasa ta rufe shi. Tsoho zan ce. Manomi ne mai rumbuna, amma ba da rumbu aka san shi ba, da gemu aka san shi. Fari sol, har ƙirji. In shanu suka shiga gonar wani a Kaikai, kafin maganar ta kai wurin alƙali wurinsa ake kawo ta. Sai ya saurari manomi, ya saurari Bafulatani, sannan ya ɗora hannu a haɓa ya shafo gemun a hankali. In hannun ya kai ƙarshe sai ya faɗi hukunci, ba wanda ke ƙara magana. An ce tun kafin a haifi Lami aska ba ta taɓa wurin ba.

Lami ta tafi gida haihuwar fari, kamar yadda kowa ke yi. Ta haifi namiji da damina. Aka yi suna, aka yi arba'in, aka gama wanka, ba ta dawo ba. Na jira. Gero ya nuna, aka yanke, ba ta dawo ba. Na aika kawuna ya je ya tambaya ko lafiya. Ya dawo ya ce tsohon ya shafa gemu har ƙarshe, sannan ya ce shi wanzami ya ba ɗiyarsa, bai ba maroƙi ba. Ya ji labarin ana ba mu riga a ƙofar hakimi, wanda ke buɗe baki a ba shi riga kuwa sunansa ɗaya ne. Jikansa ba zai tashi a gidan roƙo ba.

Na so in aika a gaya masa ni ba na ma buɗe bakin. Kawu ya ce wannan ba hujja ba ce.

Na je na sami Mati na ce na bar waƙa. Ya tambayi dalili, na faɗa masa cikin kalma kaɗan. Ya riƙe kai, ya kira sunan Allah, ya ce waƙa ba ƙasa kamar ɗaki ne ba gini, rufi kawai a iska. Ya ce in yi musu haƙuri wannan karon na Kankia kaɗai, maganar surukina kuma in bar masa, ya san abin da zai yi. (In Mati ya ce ka bar masa, tashi ka bi bayansa ka ga inda za shi. Lokacin ban san haka ba.)

Ranar ta zo. Taron ya fi na kullum, don wani Bature ya zo rangadi, an kafa masa kujera kusa da hakimi, da tafinta tsugune a gefensa. Masu gangar noma na Yashe suka riga mu shiga, kuma shekarar nan sun shirya mana. Suka yi ta yi, suka daɗe, jama'a na ihu, har wani tsoho ya jefar da sanda ya shiga rawa. Na ga Mati na lasar leɓe. Ya raɗa wa Barau cewa tamu ta yi gajarta. Na ji, amma ban sa a rai ba.

Aka kira mu. Muka shimfiɗa tabarmi huɗu a jere, kowa ya buɗe zabira, ya ajiye ƙoƙon ruwa. Mutanenmu na Kusada da suka tara mana suma suka zo suka zauna. Nawa wani mahauci ne, Tanko, mai kai kamar tulu, na saba da shi. Kafin ya tanƙwashe ƙafa sai Mati ya ja shi gefe. Na ɗaga ido, sai ga mai garin Kaikai riƙe da hannun surukina yana kawo shi tabarmata.

Daga baya na ji yadda aka yi. Mati ne ya je wurin mai gari ya ce hakimi na son dattijo mai mutunci ya zauna a yi masa askin girmamawa a gaban Bature. Mai gari ya gaya wa tsohon. Tsohon dama ya zo ne ya ga roƙon da idonsa, kuma ba a cewa hakimi a'a. Hakimi kuwa bai san an yi ba.

Mati ya matso kunnena ya ce, "Bebe, ga surukinka nan. In ya ji sanyin hannunka, magana ta ƙare."

Na ce, "Mati."

Ya ce, "Ka yi godiyar daga baya."

Wanda bai san surukuta ba, ba zai gane girman abin ba. Mutumin da in na hango shi a hanya nake ratsewa cikin gona. Ban taɓa cin abinci inda yake ba. Ban taɓa duban fuskarsa sosai ba, gemun nake hange daga nesa in tsuguna. Shi ma bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba, sai dai ya gaya wa na kusa da shi, "a ce wa yaron nan". Yau ga shi ya tuɓe rawani ya ajiye, ya tanƙwashe ƙafa a gabana, gwiwarsa na taɓa tawa, an ce in kama kansa in juya.

Ya sunkuyar da ido ƙasa. Ni kuma na kau da fuska. A bangon zauren hakimi akwai wani ƙadangare mai jan kai, na kafa masa ido. Aski ba gani ba sabon abu ba ne a wurina, na yi shi a bukkokin kuza masu duhu, yatsa ke gani. Na ce a raina baiti huɗu ne kawai, in na jure su na tashi.

Mati ya ɗauko. Barau ya hau sama, Nomau ya cika tsakiya, na shimfiɗa musu ƙasa. Gaskiya ba mu taɓa yin mai daɗin ta ranar ba. Goshi ya tafi. Dama ta tafi. Hagu. Na sunkuyar da kan na share ƙeya. Na shafa, tas, ko tsinke babu. Na ja numfashin dogon "hmm" ɗin da muke rufewa da shi.

Mati bai rufe ba. Ya ɗaga murya ya shiga baiti na biyar, wanda ba wanda ya taɓa ji, na gaishe da hakimi.

Barau da Nomau idonsu a buɗe yake. Da suka ga kai ya ƙare waƙa ba ta ƙare ba, sai suka riƙa goga aska a kan fatar wasawa don kada kiɗan ya yanke. Abin da mai hankali zai yi ke nan. Ni ina kallon ƙadangare. Hannuna ya ji ana waƙa, ya lalubi kai bai sami gashi ba, kuma ba ya komawa baya. Sai ya ɗebo ruwa ya gangara gefen kunnen dama, ya sami saje. Ya yi murna. Ya kama aiki.

In ka tambaye ni ko ban ji ba, zan ce hannun ya ji, ni ban ji ba. Ni hankalina na kan abu biyu: kada muryata ta karkace, kada idona ya faɗa kan surukina. Duka biyun na kiyaye su.

Da baitin hakimi ya ƙare sai Mati ya shiga na shida. Wannan shi ne taimakon da ya shirya mini. Yana fuskantar jama'a, ya buɗe murya:

"Tsohon Kaikai mai raba gardama,
Gemu fari, audugar kaka,
In ya shafa shi, shari'a ta ƙare,
Allah ka bar mana gemun nan."

Muka amsa masa, mu uku. Ni da "hmm", da aska.

Na ji jama'a ta ɗauki wata irin ƙara, ba ihu ba, kamar an zuba ruwa a garwashi. Na ce lalle baitin ya shige su. Mati ma haka ya ɗauka, sai ya maimaita shi. Barau ne ya fara hangowa. Ba zai iya yanke waƙa a gaban hakimi ba, sai ya yi ta zaro mini ido, ni kuma ba shi nake kallo ba. Don tsananin tashin hankali muryarsa ta haura wani wuri da ba ta taɓa zuwa ba. Har yau akwai tsofaffi a Kankia da ke cewa ba su taɓa jin abu mai daɗin wannan ba.

Tsohon kuwa bai motsa ba. Mutane sun sha tambayata me ya hana shi magana. To me zai ce, kuma wa zai gaya wa? Ba ya yi mini magana kai tsaye, kuma ba kowa kusa da zai ce "a ce wa yaron nan". Ga hakimi na kallo. Dattijo kuma ba ya zabura a ƙarƙashin aska, balle tana kan maƙogwaronsa. Ya zauna kamar an dasa shi.

Abin da ya farkar da ni nauyi ne. Na ji wani abu mai laushi ya taru a cinyata, ya fi gashin kai nauyi. Sannan babban yatsana ya sauka a kan wata fata mai santsi, da ɗan rami a tsakiyarta. Na yi shekaru ina taɓa kawuna, ban san kai mai rami a nan ba. Daidai nan Mati ya rufe waƙa. Na ja dogon "hmm" ɗina har ƙarshe, don aiki aiki ne. Sannan na duba.

Ranar na fara ganin fuskar surukina. Rabinta.

Gefen hagu dattijon Kaikai ne, gemu har ƙirji. Gefen dama wani mutum ne da ban sani ba, mai ƙaramar haɓa, fatar fara kamar cikin rogo, ba ta ga rana ba tun zamanin da.

Hakimi ya ja amawali har ƙasan ido, kafaɗunsa na rawa. Bature ya tafa, shi kaɗai. Ya sunkuya ya tambayi tafinta wani abu, an ce ko al'ada ce. Tafinta ya ce i, ranka ya daɗe, tsohuwar al'ada ce. Mati ya juyo da murmushinsa yana jiran godiya, murmushin ya bushe a inda yake.

Tsohon ya ɗaga hannu a hankali, yadda ya saba in zai yanke hukunci. Ya ɗora a haɓa ya shafo. Yatsu biyu suka sami gemu, sauran suka wuce a iska. Hannun ya tsaya. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ido ya dube ni, ya yi mini maganar farko da ya taɓa yi mini tun da na auri ɗiyarsa.

Ya ce, "Ƙarasa."

Na ɗauki aska. Hannu ya ƙi. Ba waƙa, sai ya kama rawa irin ta kuza, ga wuyan tsoho a gabansa. Na ajiye, na sake ɗauka, duk ɗaya. Jama'a na kallo. Ban ga wata hanya ba, sai na fara "hmm" ni kaɗai, a tsakiyar fili, kamar sa a turke. Nomau ya shigo a hankali. Barau ya biyo. Mati ma ya shigo, kuma karo na farko a rayuwarsa bai sa kalma ko ɗaya ba. Hannu ya natsu. Na sauke gefen hagu. Ko ɗigon jini babu, wannan kam zan faɗa.

Na tattara gemun daga cinyata da tabarma, na miƙa masa da hannu biyu, don ban san abin da ake yi da shi ba. Ya karɓa ya ƙulle a bakin rigarsa. Ya naɗa rawani ya rufe har hanci, ya yi wa hakimi sallama, ya hau jakinsa ya tafi. Sai da ya sha kwana sannan dariya ta fashe, har masu gangar Yashe na kwanciya a ƙasa.

Mu aka ba rigar. Zagayen sawa kuma a kaina ya faɗo. Na ce Barau ya riƙe.

Na koma Kusada na zauna jiran sammaci. A lissafina mata ta tafi, ɗa ya tafi, abin da ya rage a kira ni gaban alƙali in saki. Mati ya zo ba ni haƙuri, ya yi kuka, sannan ya ce amma dai in faɗi gaskiya, baitin kansa ba laifi. A kasuwa masu gemu suka riƙa zama a gabana da hannu ɗaya dafe da haɓa. Wani Bafulatani ya zo aski ya ɗaure nasa da tsumma ya cusa cikin riga, ya ce ba don komai ba. Yara na bin mu suna rera "Allah ka bar mana gemun nan". Daga Kaikai kuma labari ya zo cewa tsohon ya daina fitowa, rigingimun gona sun taru ba mai rabawa.

Ana nan sai ƙanensa ya zo ya ce ana nemana. Na ɗauki Nomau ya raka ni, don shi ko an zage mu rabi zai ji. Muka tarar da tsohon a zaure, rawani har hanci. Muka tsuguna daga bakin ƙofa. Bai dube ni ba. Ƙanensa ya fuskanta, ya yi magana ta cikin rawani.

Ya ce ya zauna ya yi tunani. Ya ce ya san maroƙa, ya ga irinsu da yawa. Maroƙi idonsa na kan fuskar wanda yake yi wa waƙa, yana auna abin da zai fito daga aljihu. In ga hakimi ga Bature, maroƙi ko ƙiftawa ba ya yi.

"Wanga kuwa," in ji shi, "bai dubi hakimi ba, bai dubi Nasara ba. Ko abin da ke hannunshi bai duba ba. Ƙadangare yake kallo, na gan shi. A ce wa yaron nan ba maroƙi ba ne."

Ƙanen ya juyo ya ce mini ni ba maroƙi ba ne. Na ce na gode.

Tsohon ya ƙara da cewa, "Wawa ne. Amma wawa ana iya zama da shi. Ta haɗa kayanta."

Da sharaɗi biyu. Na farko, ni zan riƙa zuwa ina gyara masa fuska har gemun ya dawo, don duk wanzamin da aka kira a Kaikai da ya kwance rawanin sai dariya ta kama shi, ni kuwa ba a taɓa ganin haƙorina ba. Zan yi aikin ido buɗe, kunya ta jira a waje. Na biyu, kada Mati ya sake taka Kaikai, ko da gaisuwar mutuwa.

Muka kamo hanyar Kusada, Lami a kan jaki da yaro a baya, ni a gaba riƙe da igiya, Nomau da kaya. Muka yi ta tafiya har muka wuce gonakin gari. Sannan na ji jakin na girgiza. Na waiga, ta toshe baki da mayafi, hawaye na zuba. Da ta sami numfashi ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin haɓar Baba ba. Ta ce dangi sun yi ta gardamar inda yaron nan ya samo ɗan ramin da ke haɓarsa, ba kowa da shi a gidanmu, ba kowa a nasu. Ashe yana nan a ɓoye. Ta ce innarta ma da ta gani sai da ta ce ta manta da shi.

Gemun ya dawo, amma bai kai tsawon da ba, kuma ya ɗan karkata dama. Tsohon ya koma raba gardama, sai dai hukuncinsa ya riƙa fitowa da wuri, tunda hannun ba ya daɗewa a hanya. Fulani sun ce sun fi son haka.

Mu kuma mun ci gaba da waƙa, mun ƙara cin riguna, har Mati ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Ranar da muka kai shi makwancinsa ne kaɗai na ga taro da shi a ciki ba a jin muryarsa. Barau ya koma wurin ɗansa a Katsina. Nomau ɗaya kunnen ma ya bi ɗan'uwansa, amma bai daina zuwa gindin tsamiya ba, yana kallon bakina yana shigowa daidai. Ba mu nemi wani ya maye gurbin kowa ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kunyar suruki abu ne mai kyau, har yau ina da ita. Amma in da aska a hannunka, dubi inda take, ƙadangare ba inda za shi. Kuma tun daga ranar, duk inda nake, ko a biki ko a hira ko a wa'azi, da na ji mai magana ya gama abin da ya kawo shi ya ja numfashi zai ƙara wani baiti, sai in ninke askata in sa a zabira, in zauna a kan hannuwana.